Gurasar da Irek Ya Miƙa

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Grabiszki ya san Genowefa Sroka, wadda kowa ke kira Gienia, amma kaɗan ne suka san ta da daɗi. Shekara talatin da ɗaya ta yi a masaƙar hankici ta garin Lubań, aikinta guda ɗaya tak: ta zauna ƙarƙashin fitila, a jibge mata hankici, ta ɗaga kowanne ta nemi aibinsa. Zare ɗaya ya kauce, kwandon hagu. Ɗinkin baki ya karkace, kwandon hagu. Da aka rufe masaƙar, sauran mata suka dawo gida da ciwon baya, ita kuwa ta dawo da idon nan nata. In ta shigo gidanka, kafin ta cire kwat ta riga ta hango yanar da ke bayan kabad, kuma ba za ta fita ba sai ka ji. Ba maƙaryaciya ba ce, wannan kam a ba ta. Duk abin da ta faɗa a kanka gaskiya ne, shi ya sa ma ya fi ciwo.

Iyayenta daga gabas aka kwaso su bayan yaƙin duniya na biyu, a taragon shanu na jirgin ƙasa, aka sauke su a gidan wasu Jamusawa da aka kora. Har uwarta ta mutu akwai akwati a ɗaure ƙarƙashin gado, wai masu gida za su dawo. Gienia ta jefar da akwatin, amma ƙin Jamus ya zauna mata. Iyakar Jamus tafiyar rabin awa ce daga ƙauyen, mutane na tsallakawa su sayo sabulun wanki su dawo kafin abincin rana, ita ta kai shekara saba'in da huɗu ba ta taɓa taka gadar kan iyakar ba. Duk Disamba ƙungiyar matan ƙauye kan ɗauki bas su tafi kasuwar Kirsimeti ta birnin Dresden a Jamus, wanda mu muke cewa Drezno, su wuni su dawo. Duk shekara Gienia na tagar kicin tana kallon su suna hawa, tana cewa tsofaffin banza, za a je a sha sanyi a kalli fitilun mutane kamar ba a taɓa ganin lantarki ba.

To, a shekararta ta ƙarshe sai ga sunanta a takardar masu tafiya, na uku daga sama, da rubutun hannunta. Mariola, shugabar ƙungiyar, sai da ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa.

Dalilin yana da tsawo. 'Ya'ya biyu suka haifa da mijinta Bolek: Lutek babba, Irek ƙarami. Lutek shi kaɗai ne abin da Gienia ta taɓa ɗagawa ta duba ba ta ga aibi ba. Dogo, mai ban dariya, ya iya lallashin uwarsa har ta manta faɗan da ta ɗauko. Irek shiru-shiru ne, maganarsa a hankali take fitowa, kafin ya kai ƙarshenta uwar ta gyara masa farkon. Wata Satumba, shekara goma sha shida kafin tafiyar nan, suna dawowa daga rawar bikin girbi a kan babur, suka bar titi suka daki bishiya. Lutek ko shurawa bai yi ba. Irek ya tashi da kafaɗar dama a farfashe, aka haɗa ta da ƙarafa. Babur ɗin na Irek ne, don haka Gienia ba ta tambayi kowa wanda ke tuƙi ba, shi ma Irek bai buɗe baki ba.

Sai jajibirin Kirsimeti ya zo. Aka yi komai yadda aka saba: busasshiyar ciyawa ƙarƙashin farin ƙyallen tebur, jar miya, kifi, da farantin nan guda da ake ajiyewa babu mai shi, don baƙo ko don wanda ba ya nan. Da tauraron farko ya fito, kafin a taɓa abinci, kowa ya ɗauki opłatek ɗinsa, siririyar farar gurasar nan da ake karɓowa a coci. Ka miƙa taka, ɗan'uwanka ya ɓalli kaɗan ya ci, ya miƙo tasa ka ɓalla ka ci, ku yafi juna. Mutum ba ya ɓallar wa kansa, sai an miƙo masa. Waɗanda suka shekara ba sa gaisawa ma sukan daure su yi, ko da haƙora a cije.

Irek ya gama da ubansa ya zagayo wurinta. Da hannun dama ya miƙa, hannun da wata uku da suka wuce aka ɗinke.

"Mama," ya ce.

Gienia ta dubi farantin da babu mai shi, sannan ta dubi hannun.

"Hannun da ya riƙe kan babur ɗin? Ba zan ci daga gare shi ba."

"Gienia, don girman Allah," in ji Bolek, "yau fa jajibiri ne."

Ta naɗe hannayenta a ƙirji. Irek bai sauke nasa ba. Ya ci gaba da miƙawa, hannun na rawa, gumi na tsattsafo masa a goshi, har miyar da ke kan tebur ta daina tururi. Daga nan ya ajiye gurasar a farantin baƙo, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Washegari aka ga ba ya ƙauyen.

A watan Afrilu takardar 'yan sanda ta iso. Lutek ne ke tuƙi, kuma a buge yake. Irek yana bayansa, ya yi shiru ne don kada sunan yayansa ya ɓaci a bakin uwarsu. Bolek ya karanta, ya zauna a kan matakala yana kuka kamar yaro, ya roƙe ta ta rubuta wa ɗan nan ko layi biyu ne. Gienia ta ce shi ne ƙarami, ya san hanyar gida. Abin takaicin shi ne ta san ta yi zalunci, ta sani sarai, matar da ke ganin zare ɗaya in ya kauce ba za ta kasa ganin wannan ba. Tun yammacin jajibirin ta ɗauke gurasar daga faranti ta sa a littafin addu'arta. Amma bakinta ya ƙi. Shekara ta bi shekara. Bolek ya mutu, Irek ya zo jana'iza ya tsaya can baya wajen shinge, kafin a gama zuba ƙasa ya tafi.

Maƙwabciyarta Czesia, wadda ta yi shekara tara tana jinyar tsofaffi a Jamus, ita ta gan shi a tafiyar matan ta Disambar da ta gabata, yana soya wainar dankali a wata rumfa a kasuwar Drezno. Da ta kawo labarin, Gienia ta ce, "Na aike ki?" Sai a watan Oktoba likita ya duba hoton cikinta ya daɗe yana juya takarda. Ta tambaye shi abu ɗaya, ko za ta ga dawowar shamuwa bayan sanyi ya wuce, kan bututun hayaƙin makaranta. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu don kada ta sha wuya. Ta fahimta, ta gyara masa wuyan rigarsa da ya lanƙwashe, ta fito. Sati biyu bayan nan ta je ta rubuta sunanta.

Ƙarfe bakwai na safe bas ya tsaya gaban coci, gari bai gama wayewa ba. Rysiek direba na ganin ta ya dafe ƙirji, ya kira ta da Pani, yadda muke girmama babbar mace.

"Pani Gienia da kanta! Jama'a ku riƙe ni. Jamusawa sun san da zuwanki kuwa? A ba su lokaci su share gari."

"Ka fara share gilashinka, Rysiek. Madubin damanka ma a tsage yake."

Mata suka kwashe da dariya. Tun kafin a fita ƙauyen aka buɗe kwanukan burodi da ƙwai, wata ta zaro kwalbar giyar 'ya'yan itacen ceri ta gida tana zagayawa da ita, wai maganin sanyi. Mariola ta ɗauki lasifika ta ce a ji da kyau, ƙarfe biyar daidai bas zai tashi daga bakin kogi, wadda ta makara ta nemi Bajamushe ta aura. Aka hau waƙoƙin Kirsimeti, kowa da muryarsa. Gienia na jikin taga, jakarta a kan cinya, ta dafe ta da hannu biyu.

"Me kika kawo masa?" in ji Czesia a hankali. "Na ce ki yi masa abin da yake so yana yaro, kin ƙi."

"Na kawo abin da na kawo."

"Za ki gaya masa maganar asibiti?"

Gienia ta juyo a fusace. "Wace maganar asibiti?"

"Ke dai bari. Shekara tara ina wanke tsofaffi har su cika, na san kalar nan ta fuskarki. Siket ɗinki ma da fil kika kama shi. Ni za ki ɓoye wa?"

Bas ya hau gadar kan iyaka. Gienia ta leƙa ta ga kogin da ta shekara saba'in tana gudu, ashe ɗan ruwa ne baƙi wanda bai fi faɗin filin ƙwallon makaranta ba.

"In kika buɗe bakinki a gabansa, Czesia, ko gawata kada ki zo gani."

"Ai ni zan wanke ta, wa kike da shi?"

A haka suka isa Drezno.

Kasuwar ta cika ta batse. Rumfunan katako jere-jere, kowace an lulluɓe ta da ganyen itacen fir da fitilu, ƙamshin kirfa da gasasshen nama ya cika iska, wata doguwar hasumiyar katako na juyawa a tsakiya da gumakan mala'iku a jikinta. Matan Grabiszki suka watse kamar kaji an buɗe akurki, wasu wajen giya mai zafi, wasu wajen kayan ado. Gienia ba ta ga kyan komai ba. Abin da ta gani shi ne kwan fitila biyu da suka mutu a bakin ƙofar shiga. Ciwo ya cinye ƙarfinta, sau uku suna tsayawa ta jingina da bango. Czesia ta manta layin da rumfar take, suka yi ta zagaye, suka zauna a wani coci Gienia ta huta, suka sake fitowa. Sai wajen ƙarfe uku, yayyafi mai sanyi ya fara sauka, Czesia ta ja hannunta ta ce, "Ga shi can."

Layi ne dogo a gaban rumfar, kuma babu hanyar isa gare shi sai ta layin. Gienia ta shiga ta tsaya, tana matsawa taku-taku, tana kallon ɗanta. Ya yi sanƙo, gemunsa ya yi furfura, yana sanye da farar rigar aiki. Idon nan nata bai ɓata lokaci ba. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma da hagu yake juya waina, da hagu yake miƙa faranti, na daman yana manne da jikinsa yana ɗan tallafawa kawai. Irek ba bahago ba ne. Ashe hannun bai taɓa warkewa ba, kuma ita da ta haife shi sai yau ta sani. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

Layi ya zo kanta. Ya faɗi wata kalma da Jamusanci bai ɗago ba, sannan ya ɗago. Ya daɗe yana kallon ta. Mai na ta ƙara a cikin kasko.

"Pani Sroka," ya ce, da harshen gida, kamar yadda ake kiran matar da ba a haɗa komai da ita ba. "Guda nawa?"

"Pani na zama yanzu?"

"Da markaɗen tuffa ko da sukari?"

Ta buɗe jaka ta fito da littafin addu'a. Daga tsakiyarsa ta zaro wani farin hankici mai karkataccen ɗinki, ɗaya daga cikin na kwandon hagu, ta warware shi. Gurasar na ciki, jiya ta naɗe ta don tafiyar, ta yi ruwan ƙwai saboda daɗewa, hoton jariri a komin dabbobi da aka buga a kanta ya kusa shafewa.

"Taka ce," ta ce. "Wadda ka bari a faranti. Ka karɓa ka miƙo mini in ɓalla."

"Akwai mutane a bayanki."

Ta matsa gefen rumfar, inda ake ajiye gishiri da cokula, ta miƙa hannunta da gurasar a kan tafin. Irek ya juya ga na bayanta. Wata mata mai jan gashi da ke firar dankali kusa da shi ta tambaye shi wani abu, ya ba ta amsa a taƙaice.

"Me ya ce mata?" in ji Gienia.

"Ban ji ba, hayaniya ta yi yawa."

"Czesia."

"Ya ce wata mata ce daga ƙauyensu."

Gienia ba ta sauke hannun ba. Ya sallami mutum biyar, ya sallami goma. Yayyafi ya ƙaru, ta ɗora ɗayan hannun a sama kamar rumfa don kada gurasar ta jiƙe ta narke. Masu saye na zuwa ɗaukar gishiri suna kauce mata, wani dattijo ya zaci bara take yi ya fara laluben aljihu, Czesia ta kore shi da harara. Can wajen hasumiya 'yan makaranta na rera waƙa, mutane na tafi. Kafaɗar Gienia ta fara zafi, zafin ya gangaro gwiwar hannu, sannan hannun ya kama rawa, ta kasa tsayar da shi. Ba ta taɓa sanin hannun mutum na da nauyi haka ba, ita da nata lafiyayye ne, babu ƙarfe a ciki.

Ƙararrawar coci ta buga huɗu. Czesia ta kasa haƙura, ta daki katakon rumfar.

"Irek! Kai ɗan nan, ba ka tsoron Allah? Uwarka ce fa! Kalli yadda hannunta ke rawa."

"Sannu, Gwaggo Czesia. Ya ƙafar taki?" Muryarsa ta yi laushi, irin laushin da bai yi wa uwarsa ba. "Gwaggo, kina wurin a jajibirin nan? Ba kya wurin. To ki bari."

Amma bayan ya sallami wasu biyu sai ya cire safar hannu, ya ce wa mai jan gashin ta riƙe kaskon, ya fito ta ƙaramar ƙofar gefe. Kusa da kusa, ƙamshin mai da albasa yake yi.

"Takardar 'yan sanda ta iso miki?" ya ce.

"Ta iso."

"Yaushe?"

"Watan Afrilu."

"Na wace shekara?"



"Na sani," ya ce. "Baba ya rubuto mini a satin. Ya ce ka yi haƙuri, uwarka za ta rubuto, ka ba ta lokaci. Shekara biyu duk yamma sai na buɗe akwatin wasiƙa. A ta uku na daina."

"Lutek ne ya tuƙa," in ji ta.

"Ai na sani, ina bayansa. Abin da kika shigo bas ki gaya mini ke nan?"

 Matar da ta gaya wa limamin coci cewa huɗubarsa ta yi tsawo, ta gaya wa amarya ranar aurenta cewa rigar ta matse ta, yau kalma uku sun gagare ta. 

"Na zalunce ka," ta ce. "Na sani tun lokacin. Girman kai ne ya hana ni. Babu wani dalili, na nema ban samu ba."

Irek ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon hasumiyar nan tana juyawa. Sannan ya sa hannun hagu ya ɗauki gurasar daga tafinta, ya mayar da ita hannun dama.  Gienia ta ɗago 'yan yatsunta biyu, ta shirya ɓalla.

Shi kuwa sai ya zare hankicin daga hannunta, ya naɗe gurasar a hankali yadda take, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya maɓalle.

"Ban ce ba zan miƙo ba," ya ce. "Amma ba yau ba. Shekara goma sha shida kika ajiye ta, kika sauko daga bas kina so a gama kafin ƙarfe biyar. Ba zan iya ba. In na miƙo yanzu ƙarya zan yi, ke kuma za ki gane, ba abin da ba kya ganewa. Ki bar ni ni ma in ajiye ta."

"Har yaushe?"

"Ki dawo baɗi. Ai bas ɗin na zuwa duk shekara. Ina nan a rumfar nan."

Czesia ta ja numfashi za ta yi magana. Gienia ta damƙe wuyan hannunta, ta matse da ƙarfin da ba a zaci ya rage mata ba.

"To," in ji Gienia. "Baɗi."

Ya koma ciki, ya ɗauko waina uku masu zafi a takarda, ya yayyafa sukari kamar yadda ake yi a gida, ya ɗora mata a hannu.

"Ki ci. Kin rame."

Bai ce Pani ba, bai kuma ce Mama ba. Ya mayar da safar hannunsa ya karɓi kaskon, ya kira na gaba.

Da ƙyar suka kai bakin kogi, biyar saura 'yan mintoci. Bas ya cika da ledoji da warin giya mai zafi, wata ta sayo jar hula mai fitila ta ɗora wa Rysiek, ana ta shewa. Suna zama Czesia ta fashe, murya ƙasa-ƙasa amma kamar za ta cije ta.

"Kalma ɗaya! Kalma ɗaya za ki faɗa ya miƙo miki a take. Girman kan nan naki shi zai kashe ki, Gienia."

"Ciwo ya riga shi."

"Ba wasa nake ba. Gobe zan rubuta masa."

"Ba za ki rubuta ba. In na gaya masa zai miƙo, na sani. Amma wa zai miƙa wa? Mai mutuwa. Ni ba wannan na zo nema ba." Ta gyara takardar wainar da ke gefenta. "Ran nan ya roƙe ni abu na hana shi. Yau ya roƙi shekara guda. Wannan ma in ƙwace?"

"Shekarar da ba ki da ita? In ya ji daga baya fa? Da me kike so ya zauna?"

 Har yau matan Grabiszki ba su daidaita a kan maganar nan ba. Wasu na cewa wannan ce kyauta guda da ta taɓa yi wa ɗan, wasu na cewa tsohon halin ne ya sake riga, ta fi son ta mutu da ta roƙa sau biyu. Czesia, wadda ta cika alkawari ba ta rubuta ba sai bayan ta wanke gawarta a farkon Maris, tana cewa duka biyun ne.

Mariola ta biyo layin kujeru da takarda, fuskarta ja da giya, tana tambayar masu son tafiya baɗi don a kama bas da wuri.

"Pani Gienia, yaya Jamus? Ba su cinye ki ba dai. In sa ki baɗi?"

"Sa ni."

"Kun ji! Mun samu sabuwar 'yar yawo!"

Aka yi tafi, aka koma waƙa. Gienia ta kunna 'yar fitilar da ke saman kujerarta, ta buɗe littafin addu'a a inda ya saba buɗewa da kansa. Gurasar ta bar shaida a shafi biyun, wani fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran takardar haske. A can cikin tsagin littafin idonta ya hango wani ɗan ɓarɓashi fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ya ɓalle daga kusurwa ko a wace shekara. Ta lashi ɗan yatsa ta ɗauko shi. Nasa ne, daga hannunsa ya fito, kuma babu mai kallon ta, Czesia ta juya baya tana fushi. Ta kai shi har kusa da leɓenta.

Sai ta tsaya. Ba a miƙo mata ba.

Ta mayar da shi cikin tsagin, ta goge yatsan a jikin takardar har ya zauna, ta rufe littafin ta dafe shi da hannu biyu a kan cinya. Wainar na gefenta ta huce, man ya huda takardar. Bas ya rage gudu ya hau gadar kan iyaka, Rysiek ya danna hon sau biyu, mata suka yi guɗa an dawo gida.